Malam Wada da Littafin Cututtukan Shanu

A Kiru aka haifi Wada, a gidan manoma da ba a san su da komai ba sai dawa da gyaɗa. Shigarsa makarantar boko ba da son ubansa ba ce. An ce wa dagaci ya kawo yara, shi kuma ya duba gidajen da ba za su iya yi masa musu ba, gidan su Wada na ciki. Ya gama elementare aka tura shi makarantar Midil a Kano, yana aji biyu ubansa ya rasu, ya dawo gida ya ɗauki fartanya. Turancin da ya dawo da shi ya isa ya gaida Bature, ya isa ya karanta rubutun jikin kwalba, bai wuce nan ba.

Da wannan ɗan Turancin aka ɗauke shi aikin En'e, hukumar gargajiya, a sashen dabbobi, mai yi wa shanu allura. Aikin ba ya neman ilimi mai yawa. Ƙafa yake so da haƙuri, da haƙarƙari mai ƙwari, domin saniya ba ta san ma'aikacin hukuma ba. Da an gama girbi sai a ba su akwatin magani su bi rugage, daga ƙasar Bebeji su gangara Tudun Wada har Doguwa. A kafa shinge, a koro shanu, a soka, a tsaga kunne don shaida, a saki. Haka Wada ya yi shekara goma sha wani abu. Samarin da suka gama Midil suka riƙa zuwa suna wuce shi. Bana shi ke koya musu riƙon sirinji, baɗi su ke sa hannu a takardar hutunsa. Bai taɓa yin ƙorafi a bainar jama'a ba, amma matarsa Saude ta san ranakun da yake dawowa ya zauna a kan turmi bai cire takalmi ba, har tuwo ya huce.

Hanyar hawa guda ɗaya ce, jarrabawar da ake yi a Kano, kuma daga littafi ɗaya ake fitar da ita. Littafin cututtukan shanu ne da Turanci, mai koren bango, kauri kamar tubali, rubutunsa ƙanana, hotuna kaɗan. Ran da Wada ya karɓo shi daga ofis ya naɗe shi a cikin tsohon rawani, ya kawo gida, ya yi bismilla ya buɗe shafin farko.

Karatu iri ɗaya ya sani, wato hadda. Da ita ya yi allo, da ita kuma ya ci elementare, don malaminsu na can ma abin da yake so ke nan, a faɗa masa abin da ya faɗa. Saboda haka bayan sallar asuba sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗora littafin a cinya, ya kama layin farko yana maimaitawa yana rangaji. In ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ga shi kuwa kowane layi da irinta, sai ya tsaya ya buɗe ƙamus, ya rubuta ma'anar da fensir a samanta. Wani lokaci ma'anar ma sai an nemi ma'anarta. Shafi ɗaya yakan ci masa mako. Kafin ya bar shi ya yi baƙi ƙirin da fensir, har rubutun asali ba ya fita sosai.

Wata safiya Saude ta kawo masa koko, ta tsaya tana sauraro.

"Malam, wannan ba shi ne ciwon da kake karantawa tun damina ba?"

"Shi ne."

"Har yanzu bai warke ba?"

Ta faɗa ne don ya yi dariya. Bai yi ba, ita ma sai ta ɗauki kwanon jiya ta koma ciki.

Jarrabawarsa ta farko a alif ɗari tara da hamsin da uku ce. Lokacin bai kai ko tsakiyar littafin ba, tambayoyin kuwa yawancinsu daga ƙarshe suka fito. Ya zauna yana kallon takarda, yana jin ƙarar alƙaluman samari a gefensa, har aka ce a tashi. Wannan faɗuwa ba ta ba shi mamaki ba. Ya ce ƙarancin karatu ne, ya dawo ya ninka. Shekara biyu ya yi yana haddar babi bayan babi, a zaure, a gindin tsamiya in an tsaya hutun rana, a bakin shinge in shanu sun makara. Ya rame. Har ya kai in ka ɗauko masa farkon layi zai kai maka ƙarshen shafi ba tuntuɓe.

Ta biyun ce ta karya shi. Tambayar farko ba ta ce ya kawo babi kaza ba. Cewa ta yi, ga saniya an kawo maka, ta daina ci, tana kaza da kaza, wace cuta kake zato, me ya sa, kuma me za ka yi? Wada ya karanta ya sake karantawa. Kalmomin duk ya san su, ya san ma shafukan da suke, amma suna cikin babi uku daban daban, bai san wanne ake nufi ba. Sai ya zaɓi wanda ya fi zama a kansa ya juye shi gaba ɗaya, tun daga kan babi har ƙarshe. Hannunsa ya yi tsami. Ya fi kowa cika takarda.

Bayan sakamako ya fito, Malam Bala, babban malamin dabbobi na yankin, ya kira shi. Mutum ne mai sanyin magana, kuma sa'an Wada ne.

"Malam Wada, na ga takardarka. Baturen dabbobi ma ya gani. Ko waƙafi ba ka bari ba."

"Ranka ya daɗe, to ina kuskuren?"

"Littafin ka rubuto mana. Littafin kuwa muna da shi a ofis. Saniyar muka tambaye ka."

Wada ya yi godiya ya fito. A hanyar komawa Kiru, a bayan motar gyaɗa, ya yi ta juya maganar bai ga bakin zarenta ba. In abin da ke cikin littafi ba shi ne amsa ba, to don me aka ba shi littafin? Da ya isa gida ya naɗe shi a rawaninsa, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce wa Saude ya gama. Shekarunsa sun doshi arba'in, ga 'ya'ya, ga gona, allura kuma ya iya ta. Ta ce, "To, Malam."

Da ranin hamsin da shida aka tura shi ya zauna a wani ƙauye a bakin dajin Falgore, inda Fulani ke yada zango kafin su gangara kudu. Aka sauke shi a gidan limamin garin, Malam Inuwa. Da ya kwance ƙunshin kayansa sai ga littafin a tsakanin riguna. Saude ce ta sa. Ya daɗe yana kallonsa, ya tura shi gefe. Amma ƙauyen shiru ne, shanu da safe kawai ake kawowa, daga azahar ba abin yi sai kallon kaji. Kafin mako ya zagayo ya koma wa tsohuwar al'adarsa, yana rangaji a inuwar zaure.

Malam Inuwa tsoho ne siriri, idonsa ya fara hazo. Ya yi shekaru yana karantar da manya fiƙihu da nahawu, yanzu ɗalibansa sun ragu, saura dattawa kaɗan da ke zuwa bayan la'asar. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ya yi kwanaki yana sauraron baƙonsa, ran nan ya ce,

"Malam Wada, baƙi na ji kana ja tun zuwanka. Ina fassarar?"

"Allah gafarta Malam, ai na rubuta ma'anar kowace kalma a samanta."

"To rufe. Gaya mini da Hausa, wannan shafin da ka gama yanzu, me mai littafin yake cewa?"

Wada ya rufe. Ya buɗe baki, Turancin ya zo masa a guje, layi bayan layi. Ya tare shi ya nemi Hausar, bai samu ba. Ya ce magana ce a kan huhu. Malam ya ce, huhun ya yi me? Wada ya kai hannu zai sake buɗe littafin.

Tsohon bai yi masa dariya ba. Ya ce shi ma ya yi haka yana saurayi a Zariya, ya haddace littafi guda, aka tambaye shi hukuncin mutumin da ya manta sujada bai iya amsawa ba, alhali amsar tana bakinsa da Larabci. Ya ce hadda tana da wurinta, amma littafin ilimi ba a fara masa da ita. Sannan ya miƙo hannu aka ba shi littafin, ya auna nauyinsa, ya shafa gefen takardun.

"Mai wannan aiki ba zai rasa jera babobinsa a farko ko a ƙarshe ba. Karanta mini su, da Hausa, ko da a gurguje."

Jerin yana nan a shafi na biyu. Wada bai taɓa tsayawa a kansa ba, don a ganinsa ba karatu ba ne. Ya bi shi yana fassarawa da ƙyar. Sai ga shi littafin kashi kashi ne, cututtukan da ke yaɗuwa daga dabba zuwa dabba a wuri ɗaya, waɗanda ƙuda da kaska ke kawowa a wuri ɗaya, na tsutsar ciki a nasu wurin. Malam ya ce ya buɗe babi ɗaya ya karanta ƙananan kanun da ke ciki kawai, kada ya taɓa sauran. Ya karanta. Ya ce ya buɗe wani. Ya buɗe. A na uku Wada ya tsaya da kansa. Kowane babi gininsa ɗaya ne. Abin da ke kawo cutar, alamunta a jikin dabba mai rai, abin da ake gani in an feɗe, magani, sai abin da doka ta ce a yi. Shekara huɗu littafin yana hannunsa, ya haddace waɗannan kanun tare da sauran layuka, bai taɓa lura suna maimaituwa ba.

Bai ji daɗi ba a ranar. Abin da ya ji ya fi kama da na mutumin da ya sha doguwar tafiya da kaya a ka, ya iso aka nuna masa gajeriyar hanya ta bayan gidansa. Ya tashi ya fita bayan gari, bai dawo ba sai da aka kira magariba.

Daga nan suka kama wani tsari, ba tare da sun yi shawara ba. Malam Inuwa ya hana shi ƙamus a karatun farko. Ya ce ya bi babin daga kai har ƙasa kamar mai wucewa ta kasuwa, abin da ya gane ya gane, abin da bai gane ba ya sa masa ɗigo ya wuce. Kalmar da ta yi ta dawowa ita ce ta cancanci a neme ta, sauran sau da yawa maƙwabtansu kan bayyana su. Wannan ya yi wa Wada wuya ƙwarai. Tsallake kalma yana yi masa kamar tsallake aya, hannunsa kan kai kan ƙamus da kansa. Karatu na biyu kuma, in ji Malam, ba a shiga sai da tambaya a hannu. Kafin ya buɗe sai ya faɗi abin da yake nema, misali, ta yaya zan bambanta wannan da sammore, tunda duka biyun suna ramar da saniya? In ya samu sai ya rufe littafin, ya juyo ya gaya wa tsohon da Hausa.

Nan ne wahalar take. Malam Inuwa bai san ciwon shanu ba, amma ya san inda magana ta yi rami. Yana kishingiɗe, ido a lumshe, sai ka ji ya ce, "Ɗazu ka ce zazzaɓi ke fara zuwa, yanzu ka ce zawo. Wanne ne?" Ko ya ce, "Wannan kai ka faɗa ko mai littafin?" Sai Wada ya koma ya duba. Wani babin sai ya faɗe shi sau da yawa kafin tsohon ya ce, "To, yanzu na ji." Wasu ranakun kansa kan yi nauyi har ya kasa haɗa jimla, ya ce yau kam a bar shi. Malam kan ce a bari, ilimi ba ya shiga kan da ya gaji.

Akwai wani Bafulatani, Dikko, da rugarsa ke kusa da rafi. Sun san juna da Wada tun shekarun baya a wajen allura, yana cikin masu kawo shanunsu ba sai an bi su ba. Kullum da safe matarsa kan aiko wa Wada da nono, shi kuma Dikko kan biyo ta zauren in ya shigo gari. Da ya ga abin da ake yi sai ya riƙa zama. Shi gardama yake kawowa. Wada ya ce littafi ya ce ƙudan tsando ke kawo sammore, Dikko ya ce su dai sun san wuraren da in saniya ta kwana za ta kamu, ƙuda ko ba ƙuda. Wada ya koma littafin ya dawo ya ce ai maganar ɗaya ce, wuraren nan su ne masu duhuwa a bakin ruwa inda ƙudan ke zama. Dikko ya ce to, a bar shi a haka, kowa da gaskiyarsa. Cututtukan da Wada ya haddace da dogayen sunaye suka fara samun fuska. Wannan ashe ita ce cutar bushiya da yake yi wa allura shekara da shekaru. Wannan harbin daji ne. Wannan ita ce ta kashe bijimin wane a Doguwa.

Wuri ɗaya ya ƙi buɗuwa, a babin ciwon huhu. Littafin ya ce in an yanka huhun dabbar da ta kamu, cikinsa yana kama da wani dutse, ya ambaci sunansa. Ƙamus ya ce dutse ne mai sulɓi da ake ƙawata manyan gine-gine da shi a ƙasashen Turawa. Wada bai taɓa ganinsa ba, Malam bai taɓa ba, balle Dikko. Huhu mai laushi, ina shi ina dutse? Malam ya ce ya sa ɗigo ya wuce, wata rana zai zo da kansa.

Ya zo kuwa, ana tsakiyar bazara. Dikko ya aiko a kira Wada, wata saniyarsa ta kwana biyu ba ta kiwo. Ya same ta tsaye a rana ita kaɗai, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana numfashi da nishi kamar mai ɗauke da kaya. Ya danna haƙarƙarinta ta zabura. Can cikin garke ya ji wata ta yi tari, busasshe, gajere. Ya tambaya ko an shigo da baƙuwar dabba. Dikko ya ce wani bijimi ne ya saya a kasuwa bayan kaka, amma lafiyarsa ƙalau. Tun kafin su gama magana saniyar ta durƙushe, aka yi maza aka yanka.

Da aka feɗe, ruwa rawaya ya malalo daga ƙirjin. Huhu ɗaya ya kumbura, ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri. Wada ya karɓi wuƙa ya tsaga shi. Cikinsa ja a nan, toka toka a can, ga fararen jijiyoyi masu faɗi sun rarraba shi gida gida, kamar ƙasar fadama in ta bushe ta tsattsage. Ya tsuguna yana kallo. Bai taɓa ganin dutsen nan na Turawa ba, amma yanzu ya san kamarsa. Babin gaba ɗaya ya miƙe a kansa, kowane kashi a wurinsa, har da na ƙarshe, wanda ke faɗin abin da doka ta ce. A kai rahoto nan da nan, a tsare garken inda yake, kada ya haɗu da wasu shanu a mashaya ko a burtali, sai hukuma ta sake shi.

Ya wanke hannu, ya ja Dikko gefe ya gaya masa.

Dikko ya dubi filin da ke gabansu. Ciyawa ta ƙare tun tuni, sai ƙasa da kututturen kara. Jibi yake shirin tashi ya bi sauran 'yan uwansa kudu.

"Malam Wada, in na zauna a nan, wadda ciwo ya bari yunwa za ta ɗauka."

"Na sani."

"Kai kaɗai ka gani. Ni da kai."

"In ka tafi da su, duk mashayar da kuka sha ka bar wa na bayanka cutar. Bijimin nan da kake gani lafiya, mai yiwuwa yana ɗauke da ita a ciki. Haka take yi."

"Littafin ne ya ce?"

"Shi ne. Kuma na ga huhun."

Dikko bai ɗaga murya ba. Ya sa sandarsa a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta, ya ce, "Da ban kira ka ba." Ya juya wajen shanunsa.

Wada ya koma gari ya zauna da takarda a gaba har la'asar bai rubuta komai ba. Ya gaya wa Malam Inuwa. Tsohon ya ce shi ba zai ce masa yi ko bari ba, amma abin da mutum ya sani ba ya iya komawa bai sani ba. Wada ya rubuta rahoton, gajere, abin da ya gani a dabbar tana da rai, abin da ya gani da aka feɗe, abin da yake zato da dalilinsa. Ya hau keke ya kai Tudun Wada da kansa.

Malam Bala ya zo da mutanensa, suka duba, suka tabbatar. Aka yanka waɗanda suka nuna alama, aka yi wa sauran allura, aka shata wa Dikko iyakar da ba zai wuce ba. Ya zauna. Yana iya sulalewa cikin daji kamar yadda wasu ke yi, bai yi ba. Shi da iyalinsa suka riƙa hawa bishiya suna sassabo ganye, suna haƙa rami a cikin yashin rafi don ruwa. Wada kan je dubawa kamar yadda aiki ya ce, ya ga ƙasusuwan shanun suna ƙara fitowa, ya ga ungulu a kan marke. Sukan gaisa. Nono kuwa ya daina zuwa, ba don fushi kaɗai ba, shanun ma ba su da shi. Kafin ruwan farko ya sauka kusan rabin garken ya mutu. Cutar ba ta ɓulla a sauran rugagen yankin ba a shekarar. Ko tsarewar ce ta hana, ko Allah ne ya taƙaita, ba wanda zai iya rantsewa. Da aka sake shi Dikko ya tashi bai yi sallama ba.

A hamsin da bakwai Wada ya sake zama jarrabawa. Ya fi kowa tsufa a ɗakin. Ya karanta tambayoyin duka kafin ya taɓa alƙalami, ya tambayi kansa me kowacce ke nema, ya amsa da ɗan Turancinsa mai tuntuɓe, gajere gajere. Akwai wadda bai sani ba, ya rubuta iyakar abin da ya sani ya bari. Ya ci, ba da rata mai yawa ba. Da labari ya iso Kiru Saude ta yi guɗa ɗaya, ta dafa shinkafa, maƙwabta suka shigo barka. Shi kuwa yana amsawa yana jin kamar an sauke masa kaya bayan wuyan ya riga ya sage. Ya aika wa Malam Inuwa da goro da turmin alawayyo. Ɗan aiken ya dawo ya ce tsohon ya sa albarka, idonsa kuma ya rufe gaba ɗaya, ba ya gani.

Sabon muƙamin ya zo da tebur a Tudun Wada, da rahotannin da ba sa ƙarewa, da yawon da ya fi na da. Idonsa shi ma ya fara ruwa in ya daɗe a kan takarda, har ya je Kano aka ba shi tabarau. Samari masu shirin jarrabawa sukan zo su ce ya gaya musu sirrin. Yakan ce su rufe littafin su gaya masa da Hausa abin da suka karanta. Yawancinsu ba sa dawowa, don sun zaci wani abu zai ba su.

Wata ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, shekara biyu bayan haka, yana duba shanun da aka kawo kara, ya ɗaga kai ya ga Dikko riƙe da igiyar wata karsana. Ya yi furfura a gemu. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, iyali, gajiya, ruwan bana, mutanen Doguwa. Dikko ya ce ya ji an ƙara masa girma, Allah ya sa alheri. Wada ya ce amin. Ya so ya tambayi garken, amma ya fasa. Ya duba karsanar kamar yadda yake duba kowacce, ido, hanci, haƙarƙari, ya ce lafiyarta ƙalau. Dikko ya ce ya sani. Mai saye ya matso, hankalin Dikko ya koma can.

Wada ya ƙarasa sauran shanun, rana ta karkata. Ya ɗaure jakarsa a bayan keke. Tayar baya ta yi sanyi, mai faci kuma ya riga ya tashi, sai ya kama hanya yana turawa a ƙasa.